Lissafin Digiri na Uku da Cinikin Cikin Birni



Sharhinmu na yau a kan wani karatu ne da ba kasafai ake kawo zancensa a rediyo ba, wato zurfaffen nazarin tattalin arziki da ake yi a matakin digiri na uku, musamman reshen nan da ɗalibai ke kira maikro. Ilimin tattalin arziki gida biyu ne. Ɗaya yana duban ƙasa dungurungum: darajar naira, hauhawar farashi, kasafin kuɗi, bashin waje. Shi muke ji kullum a labarai. Ɗayan kuwa saukowa yake yi ya tsaya kan mutum guda, gida guda, shago guda, kasuwa guda, ya tambaya me ya sa wannan ya saya, me ya sa wancan ya ce albarka, me ya sa aka ba wane bashi aka hana wane. Na biyun nan shi ne maikro, kuma shi ne darasin da masu neman digiri na uku suka fi jin tsoro, daga Kano har Amurka.

Ra'ayina a kai ba ɓoyayye ba ne. Kano na bukatar 'ya'yanta da za su shiga wannan karatu su ƙure shi, ba su leƙa su fito ba, sannan su dawo da shi cikin ganuwa su auna kasuwanninmu da shi. Jami'ar Bayero da muke alfahari da ita a cikin birni aka haife ta. A 1960 ta fara a matsayin kwaleji a harabar Makarantar Nazarin Larabci, kafin ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. To bai kamata a ce ilimin da ake koyarwa a cikinta ya zama baƙo a Kasuwar Kurmi ba.

Bari mu buɗe littafin mu ga abin da ke ba ɗalibai wahala. Wanda ya fi shahara a fagen shi ne na malamai uku, Mas-Colell da Whinston da Green, da aka buga a 1995, mai shafi kusan 1,000. Babinsa na farko ko zancen kuɗi ba ya yi. Da zaɓi yake farawa. Ya ce a ɗauka mutum idan an ajiye masa abu biyu zai iya faɗin wanda ya fi so, ko ya ce duk ɗaya ne a wurinsa. A kuma ɗauka idan ya fi son gero a kan dawa, ya fi son dawa a kan masara, to lalle ya fi son gero a kan masara. Mai saurare zai ce ai wannan yaro ma ya sani. Haka ne. Amma daga waɗannan 'yan sharuɗɗa ake so ɗalibi ya gina komai da hujjar lissafi, mataki bayan mataki: yadda mai gida zai raba albashinsa, yadda tashin farashin shinkafa zai taɓa cinikin taliya, wane kaso na raguwar sayen ya zo ne daga komawa wani abincin, wane kaso kuma daga aljihun da ya yi rauni. Ba a tambayar ɗalibi me yake gani. Cewa ake yi ya tabbatar, ko ya kawo misali guda da zai rushe maganar. Wanda ya saba haddace bayani ya zuba a takardar jarrabawa, nan yake tsayawa cik. Shi ya sa manyan jami'o'in Amurka ke tara sababbin ɗalibai makonni kafin a buɗe zango, a yi ta ba su lissafi zalla, kuma a yawancinsu akwai jarrabawa a ƙarshen shekarar farko wadda in mutum ya kasa ta bayan an sake ba shi dama, sai ya haƙura da digirin.

Can gaba a littafin za a kai ga aikin Kenneth Arrow da Gerard Debreu na 1954, inda suka tabbatar da lissafi cewa ana iya samun jerin farashi da zai daidaita dukkan kasuwanni lokaci guda, ba kayan da ya yi kwantai, ba mai sayen da ya rasa. Sai dai da sharuɗɗa. Kowa ya san ingancin abin da yake saye. Ba wani attajiri da zai iya juya farashi shi kaɗai. Duk alƙawarin da aka ɗauka ana cika shi.

Na san abin da dattijon ɗan kasuwa zai ce idan ya ji wannan: "Malam, wannan kasuwar a wane gari take?" Kuma yana da gaskiya. Babu ita a Kurmi, babu ita a Kantin Kwari, babu ita a Landan. Amfaninta shi ne ta nuna maka sharuɗɗan a fili, yadda idan kasuwar gaske ta rikice za ka san wane sharaɗi ne ya faɗi. Daga nan ne ma karatun yake fara daɗi, domin babban kaso na littafin a kan abin da ke faruwa ne idan sharuɗɗan sun faɗi.

A 1970 wani matashin malami a Amurka, George Akerlof, ya fitar da 'yar maƙala a kan cinikin tsofaffin motoci. Mujallu uku suka mayar masa da ita kafin ta huɗu ta karɓa. Abin da ya ce shi ne: mai motar ya san lafiyarta, mai saye bai sani ba. Tun da mai saye ba zai iya bambance mai kyau da mai ciwo ba, sai ya taya kuɗin tsaka-tsaki. Mai mota lafiyayya ya ga an raina masa kaya ya janye. Da ya janye, ragowar motocin kasuwar suka ƙara lalacewa, masu saye suka ƙara rage tayi, wani rukunin ya sake janyewa. A haka kasuwa za ta iya mutuwa ƙurmus alhali ga mai son sayarwa ga mai son saye. Wannan maƙala ce ta kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 2001, tare da Michael Spence da Joseph Stiglitz.

Yanzu mu shiga Ƙofar Wambai, layin 'yan gwanjo. Ƙaramin ɗan kasuwa zai zo ya tsaya gaban dila ɗaure tamau, ba a kwance masa ita sai ya biya. Ya duba tambarin da ke jiki, ya latsa gefe, ya tambayi daga wace ƙasa ta fito, sannan ya ƙirga jarinsa kusan duka ya miƙa. Sai an yanke ɗaurin a rumfa ne zai san ko ya dace da riguna masu kyau da za su mayar masa da uwar kuɗi tun a zaɓin farko, ko kuwa ya kwaso tsumma. Bisa lissafin Akerlof wannan ciniki ya kamata ya durƙushe. Bai durƙushe ba. Dalili kuwa, mai dilar ya san wannan yaro zai dawo mako mai zuwa, da na bayansa, kuma in ya cuce shi sau ɗaya labari zai zaga layin kafin la'asar. Wani lokaci ma idan dila ta fito da muni ƙwarai akan koma a yi magana, a rage wani abu ko a ɗaga ƙafa wajen biya. Ribar cuta ta yini ɗaya ba ta kai asarar cinikin shekaru ba. Wannan shi ne abin da ɗalibin digiri na uku ke shafe makonni yana warwarewa a babin mu'amala mai maimaituwa, inda ake lissafa daidai yawan haƙurin da mutum ke bukata kafin riƙon amana ya fi masa ha'inci riba.

Dillali ma haka. Mutane da yawa na yi masa kallon mai cin la'ada a banza. Amma abin da yake sayarwa shi ne sani da suna: ya san mai kaya, ya san mai saye, kuma in ciniki ya ɓaci shi za a riƙe. Wani mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960 ya rubuta yadda masu gida Hausawa ke tsaya wa fataken shanu, a ba mahauta Yarabawa dabbobi bashi ba takarda ba kotu, a kan sunan mai gidan kawai. Littafinsa ya fito a 1969. Tsarin fatoma ne da kakanninmu suka bi da shi har Gwanja neman goro.

Kuma kada mu manta, malamanmu na zaure sun daɗe a kan waɗannan mas'aloli. Duk wanda ya karanta babin ciniki a Risala ko Muhtasar a Madabo ko wata unguwar malamai ya san hukuncin garari, ya san haƙƙin mayar da kaya saboda aibin da aka ɓoye, ya san an hana ƙara tayi don yaudarar mai saye, an hana tare fatake a hanya tun ba su san farashin gari ba. Ya san ƙiradi, inda wani ke kawo jari wani ya kawo ƙarfinsa, a raba riba bisa kaso, ba bisa wani adadi tsayayye ba. Fiƙihu yana faɗin halal da haram. Nazarin maikro yana lissafa abin da mutane za su aikata idan aka shimfiɗa musu wata ƙa'ida. Aiki biyu ne daban, ba na cewa ɗaya zai maye gurbin ɗaya. Amma ɗan Kano da ya tashi da na farko, ya je ya ƙware a na biyu, yana riƙe da abin da ɗalibin Chicago ba shi da shi. Bankunan da ba ruwa a cikinsu, tun daga Jaiz da ya fara aiki a 2012, irin wannan mutum suke nema ruwa a jallo, domin babbar matsalar ƙiradi ita ce yadda mai jari zai san gaskiyar ribar da aka samu, kuma wannan tambaya tana da babi sukutum a littafin da muka ambata.

Ga labarin da ya fi tsaya mini a rai. Tsakanin 1988 da 1989 wani ɗalibin digiri na uku daga Jami'ar Yale, Christopher Udry, ya zo ya zauna a ƙasar Zazzau. Ya zaɓi ƙauyuka 4 kusa da Zariya, ya riƙa bin gidaje kusan 200 yana rubuta wa ya ranta wa wa, nawa, yaushe aka biya, me ya faru tsakani. Ya tarar kusan duk rancen tsakanin mutanen da suka san juna ne, 'yan uwa ko 'yan gari ɗaya. Ba jingina, ba takarda, galibi ba a ma yanka ruwa ko ranar biya. Masanin da ya tsaya daga nesa zai ce wannan ai ba tsari ba ne. Da Udry ya zauna ya yi lissafi sai ya ga tsari ne mai zurfi. Idan wanda ya ci bashin ya gamu da tsautsayi, ambaliya ta ci gonarsa ko rashin lafiya ta shiga gidansa, yakan biya ƙasa da yadda zai biya, ko a jinkirta masa. Idan kuwa mai bashin ne tsautsayin ya faɗa wa, sai wanda ya ranta ya biya da wuri, har ya ɗora wani abu a kai don kansa, ba don an sharɗanta ba. Ashe rancen nan inshora ce a ɓoye. Kuma abin da ya sa take aiki shi ne a ƙauye ba mai iya ƙaryar cewa gonarsa ta lalace, kowa ya bi ta gefenta ya gani. Wanda ya ƙi biya da gangan kuwa, akwai dattawa da mai gari, akwai kunya, akwai ranar da zai sake bukata. Ya kuma nuna kariyar ba cikakkiya ba ce, tana rage raɗaɗi ne kawai. Aikin ya fito a manyan mujallu a 1990 da 1994, kuma har yau ana karantar da shi a jami'o'in duniya.

Ban kawo wannan don in yi ƙorafin wani ya zo ya kwashi iliminmu ba. Mutumin ya yi aiki tsakani da Allah, ya zauna da manoma, ya saurare su. Abin da ke damuna shi ne abin da ya gano kowace tsohuwa a waɗannan ƙauyuka ta san shi a aikace. Abin da ya fi mu da shi kayan aiki ne, wato nazarin da ya ba shi damar mayar da sanin nan hujjar da duniya za ta karɓa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma in bai iya bayani a gaban masu yanke hukunci ba, wani ne zai yi magana a madadinsa.

Rashin masu wannan bayani yana da tsada. A watan Nuwamban 2015 aka ƙaddamar da shirin Babban Banki na ba manoma rance a Birnin Kebbi, aka zuba maƙudan kuɗi, musamman a noman shinkafa. Niyya mai kyau ce. Amma duk abin da ya riƙe rancen ƙauye babu shi a nan. Mai ba da bashin yana Abuja, bai san gonar ba, ba zai iya bambance wanda ruwa ya cinye wa shuka da wanda ya sayar da takin ya yi wata hidima ba. Da yawa suka ɗauke shi rabonsu ne daga gwamnati. Ƙarshenta maganar rashin biya ta kai har Asusun Ba da Lamuni na Duniya da Babban Banki suka saɓa a kan adadin da aka dawo da shi. Duk wanda ya karanta aikin Zariya da idon basira zai hango wannan tun kafin a raba buhu na farko.

Akwai kuma inda aka yi amfani da ilimin aka ga amfaninsa. A watan Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta sayar da lasisin wayar salula ta hanyar gwanjo a Abuja, maimakon a zauna a ofis a raba wa na kusa. Aka riƙa ɗaga farashi zagaye bayan zagaye, kamfanoni na janyewa, har aka rage saura daidai yawan lasisin da ke kan tebur. Kowane ɗaya ya tashi a dala miliyan 285. Tsara irin wannan gwanjo, yadda masu tayi ba za su haɗa baki ba kuma kowa zai fito da ainihin abin da zai iya biya, reshe ne na maikro, kuma masana daga Ingila na cikin waɗanda aka ɗauko suka taimaka. Wayar da ke hannunka, mai saurare, ta nan ta biyo. Da wayar ta isa Jamhuriyar Nijar kuwa, wata ɗalibar digiri na uku, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi daga 2001 zuwa 2006 ta nuna tazarar farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, saboda ɗan kasuwa ya daina tafiya a makance.

To mu me ya hana mu? Na farko lissafi. Yaro tun a sakandare ake tsorata shi da shi, ya gudu ajin da ba lissafi, sannan ya shiga jami'a ya zaɓi tattalin arziki yana zaton ya tsira. Sai ya kai matakin ƙoli ya tarar lissafin na jiransa a bakin ƙofa. Abin da yakan biyo baya shi ne a lallaɓa. A haddace 'yan hujjoji a wuce jarrabawa, a ɗauko alƙaluman Babban Banki na shekara talatin a zuba a kwamfuta, ta fitar da jadawali, a ɗaure kundi. Na ga irin waɗannan kundaye, taken wannan kamar na wancan, sunan abin da ake aunawa kawai aka sauya. Ba na ɗora laifin a kan ɗalibi shi kaɗai. Yawancin masu digiri na uku a nan ma'aikata ne masu iyali, suna karatu da guntun lokacin da ya rage. Malamin da ke duba su yana da ɗaruruwan 'yan digirin farko a wuyansa. Ga yajin aiki, wanda na 2022 kaɗai ya ci wata 8. Wannan darasi kuwa ba ya yiwuwa da guntun lokaci. Yana son mutum ya zauna da mas'ala guda yini biyu, ya kasa, ya sake.

Hanyoyi suna nan. Ƙungiyar binciken tattalin arzikin Afirka da ke Nairobi, wadda aka kafa a 1988, tana da shirin digiri na uku na haɗin gwiwa, kuma Jami'ar Ibadan na cikin cibiyoyinsa. Asusun TETFund na ɗaukar nauyin malaman jami'a su ƙaro karatu. Darussan manyan jami'o'i da dama suna intanet kyauta. Abin da ya rage shi ne mu tura yaranmu da shiri, kuma jami'o'inmu su ware watannin farko don lissafi tsantsa, ko da hakan zai rage yawan waɗanda ake yayewa. Gara a yaye biyar da suka iya da hamsin da aka lallaɓa.

Tambayoyin da ke jiransu kuwa ba sai sun hau jirgi ba. A watan Fabrairun 2024 hukumar yaƙi da cin hanci ta jihar Kano ta rufe wasu rumbunan ajiya a kasuwar Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Gari ya rabu biyu, wasu na yabo wasu na suka. Amma ina iyakar ajiyar da ke kai hatsin kaka zuwa tsakiyar damina, wadda ba don ita ba da an sha yunwa, da ɓoyon da ake yi don a matse talaka? Wannan tambaya ce da ake amsawa da nazari da alƙaluma, ba da zafin rai ba. Ga adashin matan cikin gida, wanda masana uku suka yi wa irinsa cikakken lissafi tun 1993, amma namu na lungunan birni da uwar adashi da ƙa'idojin kwasa yana jiran mai rubuta shi. Ga marinar Ƙofar Mata da ke fama da yadin waje mai araha. Ga yaron shago da ke yi wa ubangidansa hidima shekaru kafin a sallame shi da jari: me ke sa wani ya riƙe amana wani ya ci, kuma wane irin sallama ne ya fi haifar da ɗan kasuwa mai ɗorewa? Kasuwar Kurmi tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, fiye da shekara 500 ke nan. Abin da ya riƙe ta tsawon wannan lokaci ya isa a yi masa kundi goma.

Kirana na farko ga attajiranmu ne. An gina wa jami'a ɗakuna, an gina makarantar kasuwanci mai sunan Ɗangote, Allah ya saka da alheri. Yanzu a ɗauki nauyin mutum. A zaɓi yaro ko yarinya mai kan lissafi, a biya masa abin da zai riƙe kansa shekara huɗu ko biyar ba tare da ya raba hankalinsa ba. Ga shugabannin kasuwa kuma, idan ɗalibi ya zo da littafinsa yana tambayar yadda kuke ba da bashi da yadda kuke sasanta rigima, kada a ɗauke shi ɗan leƙen asirin masu haraji. A ba shi tabarma, a amsa masa. Ku kuma ɗalibai, kada tsoron alamomin lissafi ya kore ku, kuma kada ku yarda a sassauta muku. Ku karanta littafin har bangon baya, sannan ku shigo ta Ƙofar Wambai da alƙalami a hannu.